Giwan Ruwa Ko Giwar Ruwa?

Daga cikin sunayen kifayen da Bahaushe ya sani, da wuya a sami wanda ya kai giwan ruwa shahara, kuma babu wanda ya kai shi jawo mana gardama, mu da Allah ya rubuta wa cin abinci da koyar da Hausa nesa da ƙasar Hausa. Gardamar kuwa, duk tsawonta, ba ta wuce harafi guda ba. Ɗalibi zai rubuta giwan ruwa, kamar yadda ya ji a bakin mahaifinsa ko a bakin masu sayar da banda a kasuwa, sai wani malami ya zaro jan biro ya soke n ya ɗora r, sa'an nan ya rubuta a gefen takarda cewa giwa tamace ce. Malamin bai yi ƙarya ba. Giwar daji muke cewa, da giwar sarki, da giwar mata, kuma idan babban mutum ya rasu cewa ake yi giwa ta faɗi. Duk da haka, mu a bayan ɗalibin muke, kuma muna ganin lokaci ya yi da za mu baje dalilanmu a faifai.

Kafin a shiga nahawu, ya kamata a san abin da ake gardama a kansa, domin mun lura cewa da yawa daga cikin masu gyara sunan ba su taɓa yin ido biyu da mai sunan ba. Giwan ruwa kifi ne mai ɓawo, fari sol kamar azurfa, bayansa ya ɗan yi duhu, ga ƙaton baki, ga baƙin ido mai kewaye da zobe ruwan ɗorawa. Tsokarsa fara ce, mai maiƙo, ba ta da ƙananan ƙayoyin nan masu hana mutum sakewa da miya, shi ya sa ko a gidan masunci ba kowane baƙo ake dafa wa shi ba. Yana zaune a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, haka kuma a kogunan Nilu da Kwango da Bolta da Sanagal. Masana kimiyya suna kiran sa Lates niloticus, kuma tun a 1758 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Liniyas, ya shigar da shi cikin jerin halittu. Idan ya sami ruwa mai yalwa da tsawon rai, yakan kusa kai mita 2 a tsayi, nauyinsa ya tasam ma kilo 200. Wato ke nan buhun masara biyu. Wanda ya fara ganin irin wannan halitta ta taso daga ƙarƙashin kwalekwale, ba abin mamaki ba ne idan bakinsa ya suɓuce ya ambaci giwa.

Dabarar da aka bi aka raɗa sunan tsohuwa ce a Hausa. Bahaushe mutumin tudu ne, manomi, makiyayi, ɗan kasuwa, don haka idan ya leƙa ruwa ya ga abin da bai saba da shi ba, sai ya waiwaya gida ko daji ya ɗauko sunan abin da ya sani, ya jingina shi da ruwa. Ta haka aka sami ragon ruwa, da karen ruwa, da kazar ruwa. Ba mu kaɗai muke yin haka ba. Mutanen Sudan da Larabcinsu ijil suke ce wa wannan kifi, watau ɗan maraƙi. A ƙasashen da Faransa ta rena, irin su Nijar da Chadi da Kamaru, kapiten ake ce masa, an ba shi muƙamin soja ke nan. Mutanen Masar na zamanin fir'aunoni su ne suka fi kowa kai shi nesa, domin har likkafani suke yi masa su binne shi kamar wani basarake, kuma garin Isna da ke bakin Nilu Girkawa sun kira shi Latopolis, ma'ana birnin wannan kifi. Kowa dai ya ga girman, kowa ya nemi abin da zai auna shi da shi. A ganinmu Bahaushe ya fi su dacewa, domin maraƙi ya yi kaɗan, kyaftin kuwa akwai manjo a gabansa, amma a daji babu na gaban giwa.

Sai dai a lura, girma kaɗai aka aro daga giwa, ba a aro halinta ba. Giwa ciyawa da ganye take ci, ba ta farautar kowa. Giwan ruwa kuwa mafarauci ne na gaske, tun yana ƙarami yake fara haɗiye ƙwari da jatan lande, da ya tasa sai ya koma kan kifaye, har 'yan uwansa ba ya ƙyalewa. Duniya ta ga iyakar wannan hali nasa a Tafkin Biktoriya, can gabashin Afirka, inda ba asalin mazauninsa ba ne. A shekarun 1950 aka zuba shi a can da nufin ƙara wa masunta samu. Ya yi shiru na wajen shekara ashirin, sa'an nan a shekarun 1980 ya cika tafkin, ya share nau'o'i wajen 200 na ƙananan kifaye dangin karfasa waɗanda babu irinsu a ko'ina a duniya. Aka kakkafa masana'antu a bakin ruwa ana fere tsokarsa ana kaiwa Turai a jirgin sama, kuma da yake maiƙonsa ba ya barin a shanya shi a rana, sai an yi banda, itatuwan yankin ma suka ji a jikinsu. Da a ce hali aka duba a ranar suna, da zakin ruwa ko kuran ruwa aka sa masa. Mun kawo wannan ne domin mai karatu ya ga cewa tun daga tushe dangantakar da ke tsakanin giwa da giwan ruwa sirirya ce ƙwarai, zare guda ne ya haɗa su.

To, a nan ne maganar harafin take. A ƙa'idar Daidaitacciyar Hausa, mahaɗin n na namiji ne da jam'i, mahaɗin r kuwa na tamace mai ƙarewa da wasalin a. Babu mai jayayya da wannan. Abin tambaya shi ne, jinsin wa mahaɗin yake bi, na kalmar ko na abin da ake nufi da ita? Mu ɗauki garkuwa. Kalma ce tamace, garkuwar mayaƙi muke cewa, ta tsage, an gyara ta. Amma ranar da sarki ya naɗa wani bawan Allah wannan sarauta, Garkuwan Sakkwato ake ce masa, ko Garkuwan Katsina, kuma ba mu taɓa jin wani malamin nahawu ya je fada da jan biro ba. Kowa ya fahimci cewa kalmar ta bar hannun mayaƙi ta hau kan namiji mai rawani, don haka ta ɗauki jinsinsa. Haka kuma dutse namiji ne, amma idan ana nufin babban birnin Jihar Jigawa sai a ce Dutse ta cika da baƙi, saboda sunayen garuruwa a Hausa mata ne. Namijin da ake yi wa laƙabi da Kura, cewa ake yi Kura ya iso. Ashe ke nan ba baƙon abu ba ne kalma ta ajiye jinsinta a bakin ƙofa idan ta shiga sabon gida. Kifi kuwa a Hausa namiji ne. Giwa ta shiga ruwa ta zama kifi, sai ta ɗauki jinsin masu gida.

Wani zai ce, to me ya sa ake cewa dorinar ruwa da kazar ruwa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana ƙara wa hujjarmu ƙarfi ne. Dorinar ruwa dorina ce ta haƙiƙa, an ƙara mata ruwa ne kawai domin a bambanta ta da dorinar da dogarai suke riƙewa, wadda daga fatarta ake yanko ta. Kazar ruwa kuwa, ko da yake ba kazar gida ba ce, tana da gashi da baki da ƙafafu irin na kaza, tana ƙwai kamar kaza, mai magana yana ganin ta a matsayin wata irin kaza. Amma babu mahalukin da yake ganin giwan ruwa a matsayin wata irin giwa. Ba shi da haure, ba shi da hanci mai naɗewa, ba shi da kunnuwa kamar faifai. Wannan n da ake son a soke, ita ce shaidar da harshe ya ajiye cewa kalmomin biyu sun narke sun zama harɗaɗɗen suna guda, kuma abin da ake nufi ba giwa ba ce. Mai son ya gwada, ya tsaya inda ake sauke kifi ya kasa kunne. Abin da zai ji shi ne, wannan giwan ruwa ne, jiya aka kama shi, nawa za ka saye shi. Kuma idan sun kai uku, giwan ruwa uku za a ce masa. Mu dai ba mu taɓa jin mai kifi ya yi tallar giwayen ruwa ba.

Akwai kuma wani abu da yake ba mu dariya game da wannan gardama, shi ne cewa a baki kusan babu ita. Bahaushe idan n ta ci karo da r ko l a cikin magana mai gudu, yakan narkar da ita cikin na gabanta. Son rai ya koma sor rai, Ɗanladi ya koma Ɗalladi. Saboda haka mutum biyu za su iya zama a kan tabarma guda, ɗaya yana nufin giwan ruwa ɗaya yana nufin giwar ruwa, kunne bai raba su ba, su ci kifinsu su wanke hannu su tashi lafiya. Sai an ɗauko alƙalami ne rigima take tashi. Mu ma'abota boko mu ne muka haifi matsalar, kuma mu ne muke cin albashi a kan warware ta.

Amma kada a ɗauka ba mu san abin da yake damun mai jan biro ba. Mun sani sarai, domin aji guda muke shiga. Yawancin ɗalibanmu a nan 'ya'yan Sabo ne da zango-zango, an haife su a tsakiyar wasu harsuna waɗanda ba su raba namiji da tamace a nahawunsu, wasu kuma a aji suka fara jin Hausa. A bakinsu motan Audu ne, rigan Binta ne, makarantan gwamnati ne. Ko a ƙasar Hausa ma, Zazzaganci da Bausanci sun daɗe da sassauta wannan bambanci. Malamin da ya shekara goma yana yaƙi da motan da rigan, idonsa ya riga ya saba, da ya hango an a ƙarshen kalma tamace sai hannunsa ya motsa kafin tunaninsa. Mu ma muna wannan yaƙi, kuma ba mu da niyyar ajiye makami, domin jarrabawa da Daidaitacciyar Hausa ake yin ta. Abin da muke cewa shi ne giwan ruwa ba ya cikin abokan gaba, ɗan kallo ne harsashi ya same shi. Hujja kuwa ita ce ana jin sunan da jinsin namiji a bakin mutanen da ba su taɓa cewa motan Audu ba, mutanen da bambancin jinsi yake daram a harshensu. Wanda ya ce giwar ruwa, ya kuma bi ta da ce da ta, ba mu ce ya yi saɓo ba, ana jin hakan nan da can. Amma a rage wa yaro maki saboda ya faɗi abin da masu abin suke faɗi, wannan zalunci ne, ko da kuwa rabin maki ne.

Af, akwai wani abin da ya kamata mu faɗa domin adalci, ko da yake zai faranta wa abokan gardamarmu rai. Masana kifi sun tabbatar cewa a wannan nau'i mata sun fi maza girma, kuma manya-manyan nan da ake ɗaukar hoto da su galibinsu mata ne. Watau dai giwan ruwan da ya cika sunansa, mai yiwuwa uwa ce mai ɗauke da miliyoyin ƙwayaye. Sai dai nahawu bai taɓa leƙa cikin kifi ba. Kurege namiji ne a Hausa ko da yana shayarwa, kura kuma tamace ce ko da ita ce uban 'ya'ya.

Masu iya magana sun ce idan kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada guda ne, wa zai musa? Sunan nan yana da masu shi. Sarkawa ne, da sauran masunta na Kabi da Yawuri da bakin Chadi da Binuwai, mutanen da suka gaji homa da gora da taru da mamari, waɗanda suke iya bambanta kifi da kifi daga yadda ruwa ya motsa. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da sauran tarurrukan da suka biyo baya, aikinsu shi ne daidaita haruffa da rabon kalmomi, kuma sun yi aikin da muke cin gajiyarsa har yau. Ba mu ji an ba su iznin sake raɗa wa kifaye suna ba. Bargery ma, da ya zo haɗa ƙamusunsa da aka buga a 1934, bai zauna a ofis ya yanke wa kalmomi hukunci ba, shekaru ya yi yana zagaya ƙasa yana tambayar masu sana'a. Su kuwa masana kifi na ƙasar nan, irin na cibiyar bincike da ke Sabuwar Busa a bakin Tafkin Kainji, da yake a bakin masunta suke ɗaukar sunaye, da n suke rubuta shi a takardunsu, ba tare da sun san ana wata gardama ba.

Shekarar nan ta 1934 ita ce kuma shekarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. An shirya masa gagarumin su domin girmamawa, daga nan bikin ya samo asali. Idan akwai wurin da ya kai sunan giwan ruwa duniya, to Matan Fada ce. Dubban mutane su jeru a bakin ruwa da homa da gora, a buga bindiga, su rufta gaba ɗaya, cikin sa'a guda a fara jawo manyan kifaye zuwa ma'auni. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Bayan ya yi wajen shekara goma ba a yi shi ba, an dawo da shi a 2020, kuma kifin da ya ci gasar a wannan shekara kilo 78 ne. Babban kifi ne, babu shakka. Amma mai karatu ya tuna da kilo 200 da muka ambata a baya. Ya kuma tuna abin da ya faru a 2008, lokacin da aka ƙwace kyautar wanda aka ce ya zo na ɗaya, bayan an gano cewa kifin ba a nan aka kama shi ba, daga wani ruwa aka ɗauko shi aka shigo da shi a ɓoye. Mutane sun yi ta maganar rashin gaskiyar mutumin. Mu abin da ya tsaya mana a rai daban ne: an kai matsayin da mai neman giwan ruwa na kirki sai ya yi safararsa zuwa Argungu.

Wannan ya kawo mu ga abin da muke ganin ya fi harafi muhimmanci. Giwan ruwa kifi ne mai son buɗaɗɗen ruwa mai iska, ba ya jure wa ruwan da ya kwanta ya yi zafi ya cika da ciyawa. Tarwaɗa tana da abin shaƙar iska daga sama, bargi ma haka, gaiwa kuwa huhu gare ta, tana iya shiga laka ta rufe kanta har damina ta dawo. Shi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye shi har ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma na haka, kuma ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya, yawancinsa fadama ce da tsibirai. Manyan kifayen buɗaɗɗen ruwa suka ja baya, tarwaɗa da karfasa da bargi suka gaje wurin. A yamma kuma aka datse Kwara a Kainji a 1968, aka datse Gulbin Sakkwato a Bakalori a 1978, aka datse Rima a Goronyo a 1984, kuma waɗannan biyu na ƙarshe duk a saman Argungu suke. Madatsun sun kawo lantarki da noman rani, sun kuma samar da tafkunan da kifi yake zaune a ciki, ba mu musa ba. Amma ambaliyar shekara-shekara da take shimfiɗa ruwa a fadamu, inda 'ya'yan kifi suke samun abinci da maɓoya, ta ragu ƙwarai. Sa'an nan rashin tsaro ya zo ya ɗora nasa. Doron Baga, kasuwar da manyan motoci suke lodin banda zuwa Anaca da Inugu da Ikko da Badun, ta yi shekaru a durƙushe bayan harin da aka kai wa Baga a watan Janairu na 2015.

Mu da muke zaune a ƙarshen wannan hanya ta banda muna ganin sakamakon a faranti. Yaron da aka haifa a Sabo yau ya san taitus da shawa da kote da fanla, kifayen teku da ake kawowa a daskare cikin kwali. Ya san tarwaɗar kududdufin siminti, wadda ake nunawa da yatsa a yanka wa mutum nan take. Idan aka tambaye shi ƙurungu ko tsage ko ɗan sarki ko minjirya, sai ya yi zuru. Giwan ruwa kam ya ji sunan, amma abin da yake nufi da shi kawai babban kifi mai tsada. Wasu masu sayarwa sun gane haka, duk farin kifi mai ɓawo da ya ɗan yi ƙiba sai su laƙaba masa sunan, kuɗi ya ƙaru. Irin wannan ya sami kapiten ma, domin a garuruwan bakin teku wani kifin gishiri daban ake kira da sunan. Abin tausayin shi ne an raɗa sunan ne domin a bayyana abin da ba a sani ba da abin da aka sani. A wancan zamani giwa tana ɓarna a gonakin ƙasar Hausa, maharba suna bin sawunta, fatake suna safarar haure. Yau mai son ganin giwa a Arewa sai ya nufi Yankari ko gidan ajiye namun daji. Ga yaron namu, giwar hoto ce a littafi, kifin kuma suna ne a bakin ɗan kasuwa. An kwatanta masa abin da bai gani ba da abin da bai gani ba.

A matsayinmu na ɗaliban adabi, akwai wani abu kuma da ya daɗe yana ba mu mamaki. Ƙananan kifaye sun shiga maganar Bahaushe fiye da wannan babba. Mutumin da ba a iya riƙe shi da magana ana kwatanta shi da tarwaɗa saboda santsi. Wanda yake cin jarinsa yana zaune, da gaiwa ake kwatanta shi, mai cin jikinta a cikin laka, kuma kimiyya ta gaskata wannan, domin da tsokar jikinta take rayuwa a tsawon rani. Ƙurungu ya yi suna da mugunta saboda ƙayarsa. Wanda bai san duniya ba kifin rijiya ne. Ana kuma cewa kifin fadama ba ya gasa da na gulbi. Amma giwan ruwa, sarkinsu duka, da wuya a ji an yi wa wani kirari da shi. Makaɗan fada sun cika waƙoƙinsu da giwa da toron giwa da giye, suna kai iyayen gidansu daji su dawo da su, idan kuma suka shiga ruwa kada da dorina suka fi ɗaukowa. Muna jin dalilin shi ne sunan kansa siffantawa ce tun asali, an riga an hau shi, kuma ba a ɗaura sirdi a kan sirdi. Mawaƙin da yake son ya ce ubangidansa babba ne, me zai kai shi ga aron aro, alhali ga giwar kanta a tsaye? Sauran kifayen sunansu nasu ne, halinsu ne ya shigar da su karin magana. Shi kuwa halinsa na haɗiye na ƙasa da shi, wanda da zai yi wa masu zambo amfani ƙwarai a wannan zamani, sunan giwa ya lulluɓe shi.

Da ɗalibanmu masu neman abin rubuta kundi za su saurare mu, da mun tura su bakin ruwa da littafi da rikoda, maimakon su yi ta maimaita nazarin jigo da salo a littattafai biyar ɗin nan da kowa ya tatse. A tambayi tsofaffin masunta sunan da suke kiran giwan ruwa da shi yana ɗan yatsa, da sunansa idan ya kai zira'i, da kirarin da suke yi masa idan ya faɗa taru, da yadda ake raba namansa, da wanda ake kai wa kai. A tambayi mata masu banda irin itacen da ya fi dacewa da maiƙonsa. Waɗannan duk Hausa ce, kuma yawancin masu ita sun haura sittin.

Giwan ruwa yakan yi wajen shekara 3 kafin ya isa haihuwa, yana kuma iya kai shekara 16 a duniya idan an bar shi. Kalli mai ƙananan idanu ba ya barin sa, balle gidan sauro da wasu suka mayar abin su. A kasuwar da muke cefane, wani lokaci akan ga 'yan ƙanana a jere a faranti, ba su wuce tafin hannu ba, zoben nan ruwan ɗorawa yana nan a idonsu. Idan aka tambayi mai kifi wane iri ne wannan, ba ya ko murmushi, sai ya ce giwan ruwa ne, kashi-kashi ake sayarwa.